Hular Arzika

Rumfata tana bakin titin Arlit,
bayan tashar Tawa, daura da mai tsire.
Shekara talatin ina buɗe cikin rediyo,
ina kwashe gawar kyankyasai,
ina liƙa waya da dalma.
A kan teburina manyan duniya biyu ke zagin juna,
tsakaninsu a kan allura bai kai faɗin farce ba.

Murɗa hagu, Masko ta ce talaka ya kusa hutawa.
Murɗa dama kaɗan, Amirka ta ce ƙarya ne,
'yanci yana rumbunta, a zo da ƙwarya.
Dukansu da Hausa mai daɗi,
dukansu batir ɗina suke ci.

Nomau na Amirka ne, hujjarsa buhu.
Shekarar da shanu suka zube a Abalak
aka miƙa masa jar dawa,
a jikin buhun hannu biyu suna musafaha.
Dawar ta ƙi turmi, ta ƙi tukunya,
ta murɗa cikin yara kwana uku,
amma an ci, an tashi.
Buhun ya zama labulen ɗakin uwarsa.

Arzika kuwa tuta ya gani ya sallama.
Ya ce ƙasar da ta zana lauje a tutarta
ta san ciwon bayan mai girbi.
Nomau ya ce, wannan ai a fili ka gan shi,
na cikin naɗi nake jiye maka.
Sai su kaure har shayi ya huce,
ni ina tsakiya, ƙarfena a wuta.

Ana cikin haka manyan motoci su ratso daga arewa,
ganguna a ɗaure, tamfol a bisa.
An ce garin dutse ne mai ruwan ɗorawa,
an ce shi ke haska biranen wasu,
an ce da irinsa manyan ke nuna wa juna yatsa.
Mu dai mu rufe kofuna da tafin hannu
har hayaƙin ya wuce,
in dare ya yi in kunna aci-balbal.

Daga baya Arzika ya samu gurbin karatu,
ya tafi koyon tono ruwa da inji.
Wasiƙunsa duk zancen sanyi ne,
da layin burodi, da kogin da ake taka wa da ƙafa.
Shekara shida.
Ya dawo da takarda mai hatimin guduma
da wata hular gashi mai kunnuwa.

A Yamai akawu ya juya takardar, ya sake juyawa,
ya ce, malam, ƙasar da ta ba ka wannan
tun watan jiya ba ta nan.
Arzika ya ce, ruwan da na koya fa,
shi ma ya tashi daga ƙarƙashin ƙasa?
Akawu ya ce, dawo bayan Salla.

Sallar ba ta zo ba har yau.
Da igiya da ɗan gajeren magirbi
yake shiga rijiyoyin Adar,
yana ƙirga gaba-gaba da harshen da ba mai ji.

Nomau ya ci musu.
Ya wanke riga ya zauna jiran tukuici,
bai ga ko kati ba.
Da kaka ta wuce ya hau motar Abijan.

Yanzu kowa da waya a aljihu,
ba mai kawo mini gyara sai tsofaffi.
In na murɗa wurin da Masko take
sai shuuu, kamar ruwa a kan kwano
a garin da ba naka ba.

Hular tana ƙarƙashin teburina.
Wata kaza ta gane ta, ta kwanta,
ta ƙyanƙyashe bakwai ranar Laraba.
Arzika ya ce ai nasa ne, gidansa ne.
Nomau ya aiko daga Abijan:
a ajiye masa uku,
tunda da dawa za a kiwata su.